Tun Da Ta Fara Rarrafe: Littafin Aikin Tsare Gida

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya 'yarmu ta fara rarrafe, watanta takwas da 'yan kwanaki. Uwarta ta ajiye ta a tsakiyar falo ta shiga ɗaki ɗauko zani, ta fito ta tarar da ita a bakin ƙofar kicin tana tsotsar igiyar takalmina. Yayanta mai shekara huɗu a wani gidan ya yi nasa rarrafen, ɗaki biyu ne a ƙasa, kayanmu ma ba su taka kara sun karya ba a lokacin. Wannan gidan kuwa ga matakala, ga tagogin sama, ga tarkacen da ya taru. Shi ya sa na buɗe wannan littafi, in riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya rage, kada aikin ya tsaya a fatar baki.

Abin da na fara sayowa shi ne robobin da ake liƙawa a kusurwar tebur, da marufan soket. Su suka fara faɗo mini a rai. Da yamma na durƙusa na bi ɗakunan da gwiwa, ina leƙa inda idonta yake kaiwa. A ƙarƙashin doguwar kujera kaɗai na tsinto murfin biro, maɓallin riga biyu, tsabar kuɗi ɗaya, tayar motar wasan yayanta, wata farar ƙwayar magani da ba wanda ya san ranar da ta faɗi, da ɗan batir mai faɗi kamar kwabo. Na zuba su a faranti na nuna wa uwargida. Ta daɗe tana kallo. Falon nan sau biyu ake share shi kullum.

Masu gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, zai iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Ni ba ni da shi, sai na ɗauki kwalin tsakiyar takardar bayi, ya ɗan fi shi faɗi, wannan kuwa ya fi mini. Na ba yayanta, na ce duk abin wasansa da ya wuce ta ciki, akwatin sama ne wurinsa. Ya ɗauki aikin da gaske.

Laraba, 15 ga Janairu

Batirin nan ya hana ni sukuni. An rubuta CR2032 a bayansa. Na bi sawu na gano daga sikelin awon nauyi ya fito, murfinsa ya karye tuntuni muka bar shi haka.

Da na ɗauka haɗarinsa ɗaya da na tsabar kuɗi, wato ya toshe numfashi. Ashe ya wuce nan. Faɗinsa milimita 20 ne, daidai abin da zai tsaya a hanyar abinci ta ƙaramin yaro, bai sauka ciki ba bai dawo ba. Da ya zauna a wurin, danshin jiki sai ya haɗa gefensa biyu, wuta ta fara gudana, ta haifar da sinadari mai cin nama irin na sodar wanke magudana. Cikin awa 2 yana iya ƙona wurin, in ya daɗe ya huda har zuwa hanyar iska ko babbar jijiyar jini. Yaron kuma yana numfashi, yana wasa. Alamun da za a gani ba su wuce dalalar miyau, tari, amai ko ƙin cin abinci ba, abin da kowace uwa za ta ce mura ce ko haƙori. Batirin da muke cewa ya mutu ma, ya daina kunna rimot ne kawai, sauran ƙarfinsa ya isa ya yi ɓarna. A Amurka sai da aka yi doka a 2022 da ta tilasta wa masu ƙera kaya su sa irin wannan batir a ma'ajin da yaro ba zai iya buɗewa ba.

Na zaga gida ina ƙirga masu irinsa: makullin mota, ma'aunin zafin jiki, ƙaramin rimot na fanka, agogon hannu biyu, wani kati mai kiɗa idan an buɗe, da takalmin yayanta mai walƙiya. Masu murfi da sukuru na ƙara ɗaure su. Marasa sukuru na naɗe da salatif mai ƙarfi na mayar sama. Katin da sikelin sun bar gidan.

Na rubuta a takarda na manna a ƙofar firiji: in ana zargin yaro ya haɗiyi batir, asibiti kai tsaye, a ce a ɗauki hoto, kada a sa shi amai, kada a jira alama. Masana guba a Amurka suna cewa yaron da ya haura wata 12 ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10 a kan hanyar asibiti, tana rage ƙunar. Tamu ba ta kai ba, zuma kanta haɗari ce ga jariri ɗan ƙasa da shekara, don haka na ja layi a ƙarƙashin wannan.

Lahadi, 19 ga Janairu

Magunguna da kayan wanki. A wuri biyar muka same su, har da durowar gefen gado. Akwai ragowar ƙwayoyin ƙarin jini na lokacin goyon ciki, jajaye masu sheƙi kamar alawa, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu sun isa su illata ɗan yaro. Farasitamol ma da muka raina, in ya yi yawa hanta yake lalatawa, yaro kuma yana iya yini garau kafin abin ya bayyana. Duk mun haɗa su a akwati ɗaya mai kwaɗo, a saman kabad.

Murfin nan da sai an danna kafin a murɗa, ban ƙara sakin jiki da shi ba. Dokar da ta kawo shi a Amurka ta 1970 ce, gwajinsa kuma shi ne yara 85 cikin 100 su kasa buɗewa cikin minti 5. Ke nan an san wasu za su buɗe. Jinkiri yake sayo maka, shi ke nan.

A ƙarƙashin wurin wanke-wanke na tarar da bilic a cikin gorar ruwan sha. Mu muka zuba da hannunmu da babbar robar ta tsage. Na zubar. Daga yau komai a mazubinsa na asali zai zauna, da kananzir da maganin ƙwari duka. Kuma mun daina ce wa yayanta magani alawa ne don ya sha.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ta fara kama abu tana miƙewa. Na kira kafinta ya ɗaure mana kabad ɗin kaya mai durowa huɗu, da kantar littattafai, da talabijin.

Ya dafa kabad ɗin ya girgiza, ya ce, "Maigida, wannan ai ko babba ya jingina ba zai motsa ba."

Na jawo durowa uku waje, na ɗora tafin hannu ɗaya a bakin ta sama na ɗan danna. Ƙafafun baya suka ɗaga, ya taho gaba ɗaya, sai da ya tare da kafaɗa.

Ya ce, "Kai! Allah Ya kiyaye. Miƙo mini injin hudar."

Nauyin kabad ba ya hana shi faɗuwa, da an jawo durowa nauyin ya dawo gaba, yaro kuma matakala yake mayar da su. A 2016 kamfanin IKEA ya janye irin waɗannan kabad kusan miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara sun mutu. Sau da yawa ba a ma jin ƙarar faɗuwar, jikin yaron da kafet suna shanye ta.

Hudar farko ba ta yi ba, filasta kawai sukurun ya kama, na ja da hannu ya fito da garinsa. Muka sake da dogo har ya shiga bulo. Yanzu na rataya a jiki da ƙarfina, ko gezau.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Hannuna bai gama daina rawa ba, amma gara in rubuta yau.

Uwarta ta jiƙa kaya a bokiti a banɗaki, ruwan bai kai rabi ba. Aka kira ta a waya, ta fita tsakar gida tana magana, a zatonta yarinya tana wurina. Ni kuma ina zaune a falo ina amsa saƙo, a zatona ta bi uwarta. Abin da ya ɗago da kaina shiru ne. Gidan ya yi tsit irin wanda bai saba yi ba.

Na same ta a tsaye a jikin bokitin, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, cikinta a kan bakinsa, hannu ɗaya ya nutse har kafaɗa tana kamun wata safa da ke yawo a cikin kumfa. Gashin goshinta ya jiƙe. Na sure ta, ta fashe da kuka don na raba ta da abin wasa. Daga baya na duba wayar: tsakanin saƙon da na karanta da wanda na fara rubutawa minti biyu ne.

Ƙaramin yaro kansa ya fi sauran jikinsa nauyi. In ya kifa cikin bokiti, ƙafa a sama, ba shi da ƙarfin hannun da zai turo kansa waje, doguwar roba mai ruwa kuma ba ta faɗuwa ta zubar. Ba kuka, ba fantsama, ba kiran kowa. Ruwan da ya rufe hanci da baki ya isa, ko santimita 5 ne. Cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Da dare na zauna na karanta abin da ya kamata in fara karantawa tun ranar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoto a 2008 cewa yara kusan 830,000 ke mutuwa duk shekara ta hanyar haɗurran da ba da gangan ba, sama da 2,000 kowace rana. Manyan dalilan biyar ne: haɗarin mota, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗowa, da guba. Huɗu daga ciki suna iya faruwa ba tare da yaro ya taka ƙofar gida ba. Wani rahoton hukumar na 2014 ya ce mutum 372,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma 'yan shekara 1 zuwa 4 abin ya fi ci. Na tuna robobin kusurwar tebur da na fara da su. Kusurwar tebur goshi take fasawa, a yi kuka, a yi ɗinki, a warke. Wata guda ina aiki, bokiti bai taɓa shiga lissafina ba, don ba shi da kaifi kuma ba ya zafi.

Ban ga laifin uwarta ba, ita ma ba ta ga nawa ba. Mu biyu muna gida, mu biyu muna sa ido, a haka abin ya so faruwa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Sakata a ƙofar banɗaki ta waje, sama da kaina kaɗan. Duron ajiyar ruwa ya samu murfi da kwaɗo. Bokiti da baho, da an gama a zubar a kife, jiƙon kaya kuma sai a bayan ƙofa mai sakata. Wajen wanka hannu ba ya barin jikinta, ko tawul aka manta a ɗauke ta a tafi tare. Yayanta ba mai tsaro ba ne, shi ma yaro ne.

Sai wata ƙa'ida da uwarta ta kawo, wadda nake ganin ta fi sakatar: ba a barin ɗaki sai an miƙa ta da baki. Mai fita ya ce, "Ga ta nan a hannunka." Wanda aka bar wa ya ce, "Na karɓa." In ba a ji amsa ba, ba a miƙa ba.

Na ba wani yayana labari, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ce haka ne Yaya, Allah ne mai tsarewa, kuma Shi ya ba mu hannun kife bokiti.

Asabar, 1 ga Maris

Kicin. An sa ƙaramar ƙofa a bakinsa, ba ta shiga in ana girki. Mariƙin tukunya ya koma kallon bango, girki a murhun baya. Mun cire mayafin tebur, don jan gefensa ɗaya zai kwaso duk abin da ke kai. Wayar butar lantarki da ta dutsen guga ba sa lilo kuma. Abin da ya fi mana wuya shi ne daina riƙe kofi mai zafi da ita a cinya. Fatar yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, abin sha da aka zuba minti 15 da suka wuce yana iya ƙona shi.

Na auna ruwan famfon zafi, ya haura digiri 60. A wannan zafin daƙiƙoƙi kaɗan sun isa ƙuna mai zurfi. Na so in rage hitar, mai gyaran famfo ya ce a bar tankin da zafinsa saboda ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, sai dai a sa bawul mai gauraya shi da na sanyi kafin ya fito. Haka aka yi, yanzu ba ya wuce 49. Ruwan wankanta 37 zuwa 38, na sanyi ake fara zubawa.

In ƙuna ta faru: ruwan famfo mai sanyi yana zuba a wurin har minti 20, a cire kaya in ba su manne ba, a rufe da abu mai tsabta. Ba ƙanƙara, ba mai, ba man goge baki. Wannan ma yana jikin firiji.

Talata, 18 ga Maris

Matakala ta samu ƙofa sama da ƙasa. Ta sama da sukuru aka kafa ta a bango, irin mai matsewa kawai tana iya zamewa in yaro ya tura.

Tagogin sama sun fi ba ni aiki. Ragar sauro na ɗauka kariya ce, na tura da yatsa uku ta fita daga firam. An sa abin da ke hana taga buɗewa fiye da santimita 10, ƙarafan baranda ma na auna tsakaninsu, biyu sun wuce haka, an ƙara ƙarfe. Birnin New York ya yi fama da faɗowar yara daga benaye, a 1972 hukumar lafiyarsu ta fara raba ƙarafan taga kyauta, a 1976 aka mayar da shi dole a gidajen haya masu ƙananan yara, faɗowar ta ragu ƙwarai. Amma na dage taga ɗaya a kowane ɗaki babba ya iya buɗe ta da sauri, saboda gobara. Gado da kujera duk sun matsa daga gindin taga. Igiyar labule mai zobe na yanke ta, wuyan yaro yana shiga.

Gadonta na duba tun da ina sama: tsakanin sandunan bai wuce santimita 6 ba, katifa mai tauri, ba filo ba 'yar tsana. Na sauke katifar zuwa matakin ƙasa tunda tana miƙewa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na cire marufan soket da na saya ranar farko. Mai gyaran wuta ya nuna mini soket ɗinmu mai ƙafa uku yana da marfinsa a ciki, ramukan wuta biyu ba sa buɗewa sai doguwar ƙafar filogi ta shiga ta sama. Murfin roba in yaro ya zare shi ya juya, shi ne zai buɗe masa su. Wanda soket ɗinsa ba shi da wannan marfin, nasa lissafin daban ne. Ya canza guda biyu da suka tsage, ya sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum, mai lamba 30mA. Cajar waya ba ta kwana a soket, don yarinyar bakin cajar take kaiwa baki.

Ƙararrawar hayaƙi biyu, sama da ƙasa, da ɗaya ta iskar nan mai guba marar wari da ke fita daga janareta da gawayi. Ranar ɗaya ga kowane wata zan riƙa danna su.

Litinin, 21 ga Afrilu

Mahaifiyata ta zo kwana uku. Ta ajiye jakarta a ƙasa kusa da kujera, kafin a gama gaisawa jikarta ta zuge zif ta fito da 'yar robar da take jera maganin hawan jini na mako, murfinta ko ƙarfi ba ya so. Na karɓe a hankali.

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, bari in rataye miki jakar nan a sama."

Ta dubi ƙofofi da sakatu ta ce, "Mu da muka raine ku ba mu ɗaure kabad a bango ba, ga ku nan kun girma."

Na ce, "Haka ne Mama. Amma a lokacin babu batir kamar kwabo a kowane lungu."

Ta yi shiru, sai ta kamo hannuna na hagu ta juya, ta shafa tabon da ke bayan damtsena. Ina da shekara biyu na jawo tukunya. Ta ce har yau in ta tuna ranar gabanta faɗuwa yake. Da kanta ta tashi ta rataye jakar, washegari kuma na ji tana ce wa uwargida, "Ga ta nan a hannunki," tana jiran amsa.

Ta zo da tsarabar keken koyon tafiya. Wannan ya fi nauyin faɗa. Keken yana ba yaro gudu da tsawon da hankalinsa bai kai ba, ya isa matakala ko murhu kafin babba ya miƙe, kuma ba ya sa tafiya ta zo da wuri. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Na yi mata bayani, na gode mata sosai, ta ce a mayar a karɓo mata tabarmar wasa.

Asabar, 10 ga Mayu

'Yarmu ta cika shekara. Ni da uwarta mun je koyon taimakon gaggawa na yini ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Mun gwada a jikin 'yar tsana: jariri in abu ya maƙale masa, a kifa shi a kan hannu kai ƙasa, bugu 5 a tsakanin kafaɗu, a juya shi, danna ƙirji 5. Wanda ya haura shekara, bugun baya sannan matsa ciki. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ake yi. Malamar ta ƙara mana biyu da ba su cikin littafina: fasasshen balan-balan, da ƙananan maganaɗisu, waɗanda in yaro ya haɗiyi biyu suke manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Da muka dawo na kwashe na jikin firiji.

Asabar, 2 ga Agusta

Wata biyu ke nan tana tafiya, yanzu har da gudu. Jiya uwarta ta gan ta tana tura 'yar kujerar roba daga falo har gindin kantar kicin ta waje, ta hau, ta miƙa hannu. Duk abin da na kira "sama" a watan Janairu da tsawon mai rarrafe na auna shi. Ta kuma gane yadda ake danna maƙallin durowar cokula, ta kalli yayanta sau biyu ta iya.

Na sake bin gidan yau, wannan karon da kujerar a hannu, ina ajiye ta a gindin kowane abu ina duba inda hannu zai kai. Makullin mota ya tashi daga kan tebur zuwa ƙusa. Akwatin magani yana nan lafiya. Wuƙaƙe sun koma kabad mai kwaɗo. Ƙofar matakala an ce har wajen shekara 2 take aiki, daga nan hawa za ta fara yi, don haka na soma koya mata saukowa da baya, a kan ciki, ina bayanta.

Abin da ya rage: hannun ƙofar waje, ta kusa kai shi, kuma ƙofar titi take kallo. Kafinta zai zo Litinin ya sa sakata a sama. Ramin magudanar bayan gida murfinsa ya tsage, shi ma ranar. Kafin nan na ɗora masa bulo biyu na kulle ƙofar baya, makullin yana aljihuna.